Dodon Tashen Harisu

Rana ta yi ja ta faɗa bayan kukokin Matamaye, amma zafin bazara bai bi ta ba, ya zauna cikin bangayen gida kamar baƙon da bai san sallama ba. Habi tana gindin murhu tana tuƙa tuwon gero. 'Yarta Saratu, mai shekara goma sha biyu, tana kora kaji cikin akurki. Maigidan, Rabo baduku, yana zaure a kan buzu, basilla a hannu, takalmin wani a cinya, amma tun la'asar bai huda fata ko sau ɗaya ba. Ladan bai kai ga kiran magariba ba sai dutse ya faɗo tsakar gida.

Na biyu ya faɗa cikin randa, na uku ya daki murfin tukunya. Rabo mutum ne mai zuciya a kusa, ya zabura ya fita ƙofar gida yana ambaton iyayen yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana rantsuwa sai ya jeme fatar duk wanda ya kama. Babu kowa a lungun, sai wata akuya da ta ɗago kai ta dube shi. Da ya dawo ya tarar da Habi tsaye, muciya a hannu, ba ta motsi. Ta nuna masa duwatsun da baki. Masu santsi ne, irin na bakin kogi, kuma a jiƙe suke, da sanyi, a garin da rabonsa da ruwan sama tun kaka.

Sai suka ji kira. Muryar mace ce, can ƙasa-ƙasa, tana ja tana saki, irin yadda makiyayi yake kiran garke idan duhu ya gabato. Daga ɗakin da ke kusa da rumbu take fitowa, ɗakin da Harisu yake kwana kafin ya rasu.

Harisu shi ne ɗan farin Rabo, kuma kowa ya san yadda uba yake da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya dariya da shi, ba ya yabonsa ko da ya ɗauko wata ya kawo masa. Shekara goma sha huɗu Rabo yana ce da yaron "kai" ko "wancan". Mutane suna cewa kunya ce, kuma kunyar ce, amma kunya ba ta hana ciki ƙuna.

Ana saura kaɗan a kama azumi sai Inusa, ƙanin Habi, ya sauko da ayarin gishiri daga Abzin. Cikin tsarabarsa har da wani abu baƙi mai nauyi, lanƙwasasshe, ya fi tafin hannu tsawo, tsininsa kamar na lauje. Ƙashi ne da ya zama dutse. Inusa ya ce a wani fili ya tsince shi bayan Ingal, inda ƙasusuwa suke kwance cikin rairayi jere kamar an zubar da turame, Buzaye suna ratsewa ba sa taka wurin. Ya ce har wani Nasara mai tonon duwatsu ya gaya wa madugunsu cewa irin dabbar nan ta ƙare a duniya tun kafin a san mutum. Rabo ya ce da shi fatauci dai ya koya masa ƙarya da tsawon ƙafa. Inusa ya ce gara shi, ya ga duniya, wani kuwa iyakar ganinsa duddugen mutane.

Yaron ne bai yi dariya ba. Ya ɗauki abin yana juyawa, ya ce wannan ƙaho ne, kuma dabbar da ke da ƙaho irin wannan ba ciyawa take ci ba. Washegari bangon zaure ya cika da zanen gawayi. Ya ba ta kan kada, ya goge. Ya ba ta kunnen jaki, ya goge. Ƙarshe ya tsaya a kan baki mai faɗi, haƙora ciki da waje, geza har gadon baya, da ƙaho guda tsakiyar goshi. Ya ce wannan ne dodon da zai shiga da shi tashe bana, sunansa Gama-Gari, kuma sai yaran unguwar mahauta sun raina nasu dodon na tsumma.

Rabo ya zo zai yi faɗan ɓata bango, sai ya tsaya yana kallo. Ya ce, ba tare da ya dubi yaron ba, "Wannan bakin ba zai buɗe ba. Sai an yi masa maɗauri a muƙamuƙi."

Daga nan aiki ya haɗa su. Masaki suka samo ya zama kai. Rabo ya lulluɓe shi da kirgi, ya rina da karan dafi ya yi ja, ya zana idanu da kuloko, Saratu ta tsefe rama ta zama geza, haƙora kuwa na matacciyar jaka ne da Harisu ya haƙo a bayan gari. Ƙahon ne ya ba su wuya saboda nauyi. Rabo ya huda masakin ya cusa gindinsa, ya cika da ƙaro, ya ɗaure da ɗanyar fata ciki da waje, wadda in ta bushe sai wuƙa. Kowane ɗinki da bisimilla, yadda ya gada wurin ubansa. Da yaron ya ce masakin yana goge masa kai, Rabo ya karɓi hularsa ya ɗinke ta a ciki. Suna aiki suna gardama a kan tsawon harshe da yawan haƙora, har wata rana Habi ta ji maigidanta yana ƙyaƙyata dariya a zaure, ta ajiye tsintsiya ta saurara.

Gama-Gari ya fita tashe, ya kuwa gama garin. Mata suna ihu suna dariya suna zuba gero a ƙwarya, tsofaffi suna cewa tun zamanin iyayensu ba a ga irinsa ba. Rabo yana biye daga nesa, yana yi kamar hanya ce ta haɗa su.

Sanƙarau ya shigo gari a goman ƙarshe. Harisu ya kwanta da ciwon kai, wuyansa ya sandare, kafin a je disfansar a dawo Allah ya karɓi abinsa. A makon nan gidaje da yawa aka fitar da gawa.

To, a unguwarsu akwai al'ada da kowane yaro ya sani. Kayan tashe ba ya kwana har Sallah. Ranar jajibere, kafin a ga wata, ake warware dodo a ƙona kara da tsumma, domin a faɗar manya, cikin azumi mutanen ɓoye a ɗaure suke, in an sake su kuwa suka tarar da fuska babu mai ita, sai su ɗauka ɗaki ne aka gina musu. Yara suka zo ƙofar gida karɓar Gama-Gari, Rabo ya kore su da sanda. Ya kai dodon ɗakin yaron ya rataye a turke, ya ja ƙyaure. Ba wanda ya yi masa magana. Wa zai yi? Mutum ne da bai zubar da hawaye ba ko a wurin jana'iza, aka yi ta yaba masa haƙuri.

Tun daga yammacin da aka fara jifa, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Rana tana yin ja sai kaji su yi tsit, sai duwatsu su fara sauka, ba sa samun kowa, amma ba sa fasawa. Sai kiran nan ya biyo baya. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Rabo ya ce iska ce take shiga ta bakin masaki, duwatsu kuwa aikin mahassada ne, kuma duk wanda ya sake kawo masa zancen aljanu zai ga aljani da idonsa.

Sai abin ya koma kan Saratu. Wata magariba aka neme ta aka rasa, aka same ta a ɗakin, durƙushe gaban dodon, tana shafa ƙahon da tafin hannu a hankali, kiran nan yana fita daga bakinta. Idanunta a buɗe, amma ba ta ga uwarta ba. Da gari ya waye ba ta san an yi ba. Haka kullum. Ta bar cin abinci sai ruwa, ruwan ma kamar raƙumi take sha. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Aka kai ta disfansar, ma'aikacin ya duba ido ya duba harshe, ya ba da kinin, ya ce ba sanƙarau ba ne. Inusa ya zo ya ce a ƙona tsiyar nan a huta, shi ya kawo ƙashin, shi ya yafe. Rabo ya shaƙe shi da wuyan riga har sai da aka raba su.

Habi ce ta karya shi, kuma ba da faɗa ba. Ta zo bakin zaure, inda ba ta saba zuwa ba, ta durƙusa.

"Maigida, ɗaya Allah ne ya karɓa, na yi shiru. Wannan in ta tafi, kai ka bayar."

Da asuba Rabo ya aika ƙauyen Dungu a kira Malam Idrisa.

Malam Idrisa tsoho ne ɗan firit, ido ɗaya ya yi fari, ya iso a kan jaki da la'asar sakaliya. Bai nemi a ba shi labari ba. Ya ɗauki ɗaya daga duwatsun ya shinshina, ya leƙa ɗakin ya daɗe yana duban dodon, ya juyo ya dubi Rabo, ya ce aiki ya yi kyau, kyan ne ma ya jawo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, aka kawo garwashi a kasko, ya zauna yana jan carbi har inuwar rumbu ta kai bango.

Da kaji suka yi tsit, Saratu ta taso daga jikin uwarta ta nufo ɗakin, tana tafiya irin ta tsohuwa mai ciwon gwiwa. Malam ya zuba turare a wuta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Yarinyar ta tsaya. Ta yi rawar jiki, ta zube a kan tabarma, ta toshe kunnuwa. Malam bai tsaya ba sai da wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, gajiyayya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ban zo da faɗa ba."

Ya tambaye ta ko ita wace ce, Musulma ko kafira. Ta ce ta yi imani da wanda ya yi ta, suna kuwa ta daɗe ba ta ji an kira ba, ya ɓace mata. Ta ce ita makiyayiya ce. Can arewa inda yanzu babu komai sai rairayi, da kogi ne mai faɗi da itatuwa, nan take kiwon dabbobinta, tun ba a yi mutum ba. Suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kogin ya bi su, ita aka bar ta tana gadin ƙasusuwa. Sai wani mai dogon hannu ya zo ya ɗauke mata guda. Inusa, da ke raɓe a bakin rumbu, ya sunkuyar da kai.

"Na biyo abina," in ji muryar. "Na zo na tarar an kafa shi a goshin wannan mummunan abu. Baduku, wa ya ce maka ƙaho ne? Farce ne. Farcen ƙafar gaba. Da shi take tona laka ta sha ruwa."

Rabo ya ce yaro ne ya zana.

"Yaron ya yi mata haƙoran cin mutane. Ita da ko ƙwai ba ta takawa."

Malam ya ce to ta ɗauki farcenta ta bar 'yar mutane. Ta ce ai da ta iya da tuni ta tafi. Abin da aka ɗaure da sunan Allah ba ta da ikon kwancewa, sai wanda ya ɗaura. Shi ya sa ta ari hannun yarinyar, don ta riƙa taɓa abinta. In an bar mata yarinyar ma ta gode, ta gaji da zama ita kaɗai. Malam ya miƙa hannu zai ƙara turare, ta yi sauri ta ce a tsaya, a yi ciniki. Baduku ya cire farcen da hannunsa, ya sake ɗinka fatar nan yadda za ta faɗa masa, ta ga dabbarta sau ɗaya. Daga nan a mayar da ita arewa da abinta, ta rantse ba za ta sake waiwayar gidan ba.

Malam ya ce da Rabo mutanen nan ba a cika gaskata su ba, amma wannan rantsuwar ya ji nauyinta. Sai dai ya sani, duk abin da ta zauna a ciki ba zai kwana a gidan ba, ko zare ɗaya.

Rabo ya dubi dodon. Ya san aikinsa. Farcen ba zai fita ba sai masakin ya fashe. Ya ce zai yanka sabuwar fata, zai yi mata dabba ko ta kai girman ɗaki, a bar masa wannan. Ya ce a yanke farcen daga waje. Ya kawo dabara ta uku, ta huɗu, yana magana da sauri kamar mai ciniki a kasuwa, har muryar ta katse shi.

"Ina ganinka, baduku. Kullum in mutanen gida sun tafi rijiya kana shigowa ka sa fuskarka cikin masakin nan, kana shaƙar hular."

Habi ta rufe baki da gefen zane. Rabo, wanda ba a taɓa faɗa masa ɗaya bai mayar da goma ba, ya tsaya kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Muryar ta ci gaba: "Ƙamshin ya fara raguwa, ko ba haka ba? Zai tafi. Ni na sani. Ƙamshi ne yake fara tafiya, sai murya. Ka riƙe masaki ka rasa mai rai, shi ma masakin ya zama masaki."

Saratu ta yi tari, jikinta ya karkata, Malam ya tare kanta da hannu. Rabo ya ga yadda ƙasusuwan kafaɗarta suka fito ta cikin riga. Ya shiga zaure ya ɗauko wuƙarsa.

Aka kunna fitila. Ya sauke Gama-Gari ya ɗora a cinya, ya yanke ɗanyar fatar ɗinki bayan ɗinki. Da ya murɗa farcen, masakin ya yi ƙara ya rabe biyu, hular ta faɗo ƙasa. Bai dube ta ba. Malam ne ya ɗauka ya sa cikin buhu. Rabo ya zare haƙoran jaka, ya tsinke geza, ya ɓare kirgin ya jiƙa shi ya yi laushi. Muryar tana faɗa yana yi. Kai ƙarami, ta ce, kamar na tunkiya. Wuya ya fi haka tsawo, ƙara, ƙara dai, ta kan ci ganyen saman itace ba ta ɗaga ƙafa ba. Jiki kamar rumbu, ƙafafu kamar turame, wutsiya ta yi ta tafiya har ta sirance. Ya cusa rama a ciki, ya sa kara a wuya. Fatar ba ta isa babba ba, dabbar ta fito kamar ɗan akuya, farcen ya fi ƙafar girma, ya ɗaura shi hakanan, wannan karon bai yi bisimilla a kan ɗinkin ba.

Da ya zo ido ya tsaya, ya tambaya, irin tambayar mai sana'a, yaya idon yake, kuma wane launi ne jikinta, ja ko baƙi.

Fitila tana ta ci.

"Na manta," in ji muryar.

Rabo ya sunkuya ya tsoma tsinke cikin kuloko, ya yi mata ido irin na saniya mai shayarwa, ya ajiye ta a kan tabarma. Hannun Saratu ya miƙo ya shafa dogon wuyan tun daga kai har gadon baya. Kiran nan ya fito sau ɗaya, a hankali, ba irin na neman abin da ya ɓace ba, irin na wanda garkensa ya shigo. Hawaye suna zuba a fuskar yarinyar, kuma ba nata ba ne.

"Ba haka take ba," in ji ta. "Amma ya yi. Malam, buɗe mini hanya."

Malam ya yi tofi a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska. Ta yi atishawa, ta sake, ta sake, ta yi lakwas a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta yara, "Inna, yunwa nake ji." Habi ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da kasko.

Aka tattara komai cikin buhu, dabbar da fasasshen masaki da haƙora da hula, har ɓarɓashin fata Malam ya sa aka share. Inusa ya ɗaure bakin buhun, ya ce akwai kamiyon, babbar motar kaya, da zai tashi zuwa Damagaram da safe, daga can zai nemi ayari, ba zai sauke ba sai a filin da ya ɗauko. Rabo ya raka shi ƙofar gida. Ba su yi wa juna ba'a ba.

Saratu ta warke. Jifa ta ɗauke, maƙwabta suka dawo ɗiban wuta. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, mutane suka fita shuka.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Rabo bai nufi gida ba, ya bi hanyar maƙabarta shi kaɗai. Ya tsaya a gefen da aka yi ta binne mutanen sanƙarau. Ruwa ya bi ta kan kaburburan ya baje su, ciyawa ta tsiro kore shar, fasassun tukwanen da aka kafa duk sun kwanta. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Illa mai haƙan kabari yana gyaran shinge, ya hango shi ya taso. Rabo ya tambaye shi wanne ne na yaron gidansa.

Illa ya cire hula ya sosa kai. Ya ce a makon nan shi da kansa bai san nawa ya haƙa ba, yara ne birjik. Ya nuna da hannu daga gindin wata aduwa har zuwa shinge.

"Cikin layin nan dai yake, Rabo. Allah ya ji ƙansa."

Rabo ya dubi layin. Ya tuɓe takalmansa, ya je kan na farko ya durƙusa ya ɗaga hannu. Da ya shafa, ya matsa kan na biyu.